Tutar Kukatara Mai Huji a Tsakiya

Dalilin da ya sa tutar ƙasarmu ta Kukatara take da ƙaton huji a tsakiyarta, ba asu ne ya ci ta ba, ba kuma yadi ne ya ƙare wa tela ba. Ku gyara zama ku ji. Kun dai san kamarta: kore a sama, shuɗi a ƙasa, a tsakiya kuma kafa zagayayya kamar faifai, wadda in ka leƙa ta cikinta sai ka hango sararin sama. To, da can ba haka aka shirya ta ba. Farin ƙyalle ne a wurin nan, fari tas, kuma hannun mace ɗaya ne ya kaɗa zarensa ya saƙa shi.

Sunanta Tabawa. Masaƙiya ce, gidanta yana tsakiyar birni, daidai inda unguwanni biyu suka haɗu. Ta gabas da ita Tudun Malamai, unguwar Musulmi. Ta yamma da ita Unguwar Mishan, inda Kirista suke. Ita kuwa Tabawa ba ta masallaci ba ta coci. Abin da ta tarar iyayenta suna yi shi take yi, in shekara ta zagayo ta kai zakara gindin kuka a yanka.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu maza. Babban ya koyi aikin kafinta a wurin wani Musulmi, ya musulunta, aka sa masa suna Shu'aibu. Ƙaramin ya shiga makarantar mishan, aka yi masa baftisma da sunan Filibus, ya zama mai gyaran keke. Ba ta hana ko ɗaya ba. Abu guda ta gindaya musu: kowace Laraba, da yake ba Juma'a ba ce ba kuma Lahadi ba, a gabanta za su ci tuwon rana, a kwano ɗaya. Shi babban ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce Babba. Ƙaramin kuma Auta.

Ana nan sai baƙin da suka daɗe suna mulkin ƙasar suka ce za su tafi. Aka sa rana, kwana arba'in. Aka kafa majalisa ta dattawa, aka ba wani mutum mai suna Gwadabe shugabancinta, aka ce su fito da tutar da za a ɗaga ranar 'yanci.

A zama ɗaya suka yarda da kore, saboda gonaki. A zama ɗaya suka yarda da shuɗi, saboda gulbin da ya ratsa ƙasar. Suka yarda a sa fari zagayayye a tsakiya. Aka kuwa aika wa Tabawa, don duk birnin babu wanda saƙarsa ta kai tata laushi da ƙarko. Tuta ce babba aka ce ta yi, tsawonta kamu goma sha biyu, farin tsakiyar kaɗai faɗinsa kamu biyar. Ta ɗebi audugar garkarta ta bayan ɗaki, ta gurza, ta shiɓa, ta kaɗa, ta hau masaƙa. Cikin kwana ashirin ta gama, marina suka rina koren da shuɗin, ta haɗa ta ɗinke.

Saura abin da za a zana a cikin farin. Nan majalisa ta tsaya cik.

Musulmin cikinta suka ce jinjirin wata. Kiristan suka ce gicciye. Da aka gaji da musu aka ce a sa duka biyun. Magatakardan majalisa ya zo gidan Tabawa da takarda a hannu, ya ce, "Iya, an yanke. Wata a sama, gicciye a ƙasa."

Ta ɗinka. Bayan kwana biyu ya dawo yana share gumi.

"Iya, a farke. Mutanen yamma sun ce ba za a ɗora musu komai a kai ba. Gicciye a sama, wata a ƙasa."

Ta farke, ta sake ɗinkawa. Ba a yi kwana uku ba sai ga shi kuma.

"A farke, Iya. An ce a jera su kafaɗa da kafaɗa. Sai dai ba a daidaita a kan wanda zai zauna a dama ba. Ki bar wurin fari tukuna."

Tabawa ta ɗaga ƙyallen ta nuna masa sawun allura. Ta ce, "Ɗana, ka gaya musu yadi ma yana gajiya. In aka ci gaba da ɗinki da farka, wurin nan zai yage."

Ya ce zai faɗa. Ta cire zaren tas, ta wanke farin, ta buge shi, ta ninke tutar ta sa a adaka ta kulle.

Ranar Laraba 'ya'yanta suka zo cin tuwo kamar kullum. Shu'aibu ya gutsuri loma ya ce, "Inna, ki raba gardamar nan kawai. Wata ai dama a sama Allah ya ajiye shi."

Filibus ya ce, "To Yaya, gicciyen a rami ka ji an kafa shi? A kan tudu ne."

Suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Filibus ya ajiye hannu a bakin kwano ya ce, "Inna, a unguwarmu fa ana wata magana. Wai kin riga kin ɗinka, wai watan ya buɗe baki yana haɗiye gicciyen. Na rantse musu ƙarya ne, suka ce ai dole in kare ki."

Shu'aibu ya dube shi. "Mu kuma a Tudu cewa ake yi gicciyen ya soke watan ta tsakiya. Har an ce da idonsa wani ya gani."

Tabawa ta ce, "Wa ya gani? Adakar nan ko ku ban buɗe muku ba. Ku ci tuwonku ya huce. Mutanen nan surutu ne kawai, in sun gaji za su bari."

Ba su bari ba.

Saura kwana huɗu a ɗaga tuta, da hantsi, Tabawa tana tsakar gida tana shanya zare, sai ta ji wata irin ƙara daga gabas kamar ta ruwan sama mai tahowa. Kafin ta gane ko mene ne, Shu'aibu ya faɗo gidan da gudu, garin katako duk a gashin kansa.

"Inna, ga su nan tafe. Mutanen unguwarmu ne, sun ce sai sun ga tutar ko su sa wa gidan wuta. Fito da ita su gani da idonsu, ni zan tare su a zaure."

"Babba, kada ka fita."

"Sun san ni, Inna. Sahu ɗaya muke sallah da su. Ki yi sauri dai."

Ta shiga ɗaki. Mabuɗin adakar yana ɗaure a bakin zanenta, amma ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da ta sa haƙori. Tana jin muryar ɗanta daga zaure yana cewa, "Jama'a, ku ji tsoron Allah! Wallahi babu komai a jikinta, fari ne!" Tana jin wani yana amsa masa, "Munafuki! Ƙanenka ka zaɓa!" Ta buɗe adakar. Tutar tana da nauyi, ba ta ɗaukuwa ga mace ɗaya, sai ta kama gefenta ta riƙa ja a ƙasa. Tana tsakiyar gida ta ji wani sauti, kamar an saki kabewa a kan dutse. Daga nan ba ta ƙara jin muryarsa ba.

Ta saki tutar ta ruga. Shu'aibu yana kwance a bakin zaure, rabin jikinsa a waje, ga ƙaton dutse kusa da kansa, jini yana bin ƙasa. Mutanen gabas sun ja da baya kaɗan suna kallo. Ta ɗaga ido ta ga wani taron kuma yana tahowa daga yamma, da sanduna da kwari da baka, su ma tutar suka zo nema. Filibus yana gabansu, ya juya musu fuska yana tafiya da baya, yana ɗaga hannuwa yana ba su haƙuri. Da ya waiwayo ya hangi wanda ke kwance, sai ya yi ihu, "Yaya!" ya sheƙo da gudu.

Mutanen gabas suka ga mutum ya nufo su a guje, suka ɗaga duwatsu. Mutanen yamma suka ga an ɗaga duwatsu, suka saki kibau. Filibus ya iso, ya durƙusa, ya tallafo kan ɗan'uwansa. Kibiyar ta same shi a tsakanin kafaɗu. Daga baya ta zo, daga cikin mutanensa. Tabawa ta gani da idonta.

Bai mutu nan take ba. Ta ja shi cikin zaure, ta ɗora kansa a cinyarta, yana ta tambayarta ko Yaya ya tashi. Ta ce masa ya tashi. Kafin azahar ya cika.

Su kuwa tarukan biyu suka afka wa juna a ƙofar gidan, faɗan ya gangara da su har kasuwa, aka sa mata wuta. Tutar da suka zo dominta tana yashe a tsakar gida, kaji suna tafiya a kanta. Ko mutum ɗaya bai shiga ya duba ba.

Da la'asar sai ga Nomau, yayan marigayi mijinta, tsoho ne manomi wanda shi ma bai bar addinin kakanni ba. Ya bi ta bayan gidaje ya haura katanga ya shigo. Ya tsaya a kan gawarwakin ya dube su. Sa'an nan ya ce, "Uwar yara, zafi ake yi. Ba za su kai gobe ba a haka. Bari in nemo likkafani, in kuma gaya wa mutanensu."

Ya fita. Rana ta kusa faɗuwa ya dawo hannu wofi.

"Rumfunan yadi duk sun zama toka," in ji shi. "Na buga ƙofa ta fi goma, babu wanda ya buɗe. Na je wurin Liman, ta taga ya yi mini magana. Ya ce ba shi da halin fitowa, amma in an samu sarari a kawo Shu'aibu maƙabartarsu, shi kaɗai. Na je wurin Fasto, shi ma ya ce a kawo Filibus tasu, shi kaɗai."

Tabawa ta ce, "Waɗanda suka kashe su ne zan kai wa su? Ciki ɗaya suka kwanta, Yaya. A kwano ɗaya suka ci shekaranjiya. Haƙa mini rami ɗaya a garka."

"Likkafanin fa?"

Ta dubi ɗakinta. Duk abin da ta saƙa a shekarar an rina ko an sayar. Audugar da ta rage kaf ta ƙare a aikin majalisa. Ta dubi tsakar gida. Sai ta tashi ta ɗauko almakashi.

Nomau ya ce, "Tabawa, kayan hukuma ne. Za su ɗaure ki."

Ba ta ko dube shi ba. Ta shimfiɗa tutar, ta kaɗe ƙurar, ta bi bakin farin da almakashi har ta zagayo inda ta fara. Ta ninka shi biyu ta raba.

Nomau ya yi musu wanka, ita tana zuba masa ruwa. Suka naɗe kowanne a rabi ɗaya. Da yake abin zagayayye ne, ya rufe ƙirji da ciki, amma ta wajen ƙafa ya tsuke, tafin ƙafafunsu suka rage a waje. Ta yi ta jan ƙyallen, bai kai ba. Ta kama ƙafar babban da hannu biyu ta ce, "Shu'aibu. Shu'aibu, ka yafe mini, bai isa ba." Ran nan ne kaɗai aka taɓa jin sunan a bakinta.

Babu wanda ya iya sallar gawa a cikinsu, babu wanda ya iya addu'ar coci. Ta tsaya a bakin ramin ta faɗi abin da ta tsinta daga bakin Shu'aibu in an yi mutuwa, ta faɗi abin da take jin Filibus yana faɗa kafin ya ci abinci, duk a gutsure. Nomau ya mayar da ƙasa.

Kwana uku ana kashe-kashe a birnin. Mutum fiye da ɗari uku suka tafi. Da soja suka kwantar da tarzomar, majalisa ta zauna a firgice ta daidaita a cikin sa'a guda: a fuska ɗaya wata ya zauna a dama, a ɗaya fuskar gicciye ya zauna a dama. Da sassafen ranar 'yanci magatakarda ya zo da mutum biyu, idanunsa jawur.

"Iya, mun ji abin da ya same ki. Allah ya ba ki haƙuri. An daidaita yanzu. Ko da ɗinkin gaggawa ne, kafin tsakar rana..."

Ta nuna masa tutar a ninke a kan tabarma. Ta ce, "Ku ɗauka. Na gama aikina."

Ya zaci ta riga ta samu labarin daidaitawar ta ɗinka ne, ya yi godiya, suka ɗora a ka suka tafi ba su buɗe ba. Tabawa ta yafa zane ta bi bayansu da ƙafa, Nomau yana biye da ita.

Filin taron ya cika, amma an raba shi biyu, soja a tsakani. Shugaba Gwadabe yana kan dandamali, Liman a gefensa ɗaya, Fasto a ɗaya gefen, baƙin da za su miƙa mulki suna zaune a inuwa suna duba agogo. Soja huɗu suka kama kusurwoyin tutar suka ware ta. Ta cikin tsakiyarta mutanen gabas suka hangi fuskokin mutanen yamma.

Guna-guni ya tashi ta ko'ina. Gwadabe ya miƙe ya ce a nemo matar da ta yi aikin. Ba a sha wahalar nema ba, tana tsaye a gaban dandamalin.

"Baiwar Allah," in ji shi, cikin fushi, "me kika yi wa tutar ƙasa? Ina farin?"

"Ranka ya daɗe, yana nan. Ban sayar ba, ban ƙona ba. Yana garkata a bayan ɗaki, kamu huɗu a ƙarƙashin ƙasa. Rabi yana jikin Musulmi, rabi yana jikin Kirista, duka ni na haife su. Na kwantar da su ban duba wanda ke dama ba." Ta juya ta dubi Liman, ta dubi Fasto. "Wanda yake son ya zana alamarsa, ga Yaya Nomau nan zai ara masa fartanya. Ya je ya tono."

Gwadabe ya dubi Liman. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya dubi Fasto. Fasto ya cire tabarau ya rufe idanunsa da hannu.

Wani ɗan majalisa ya matso ya ce a hankali, amma an ji shi, "A samo wani farin yadin a toshe, ko na rigar wani ne. Baƙi suna kallonmu."

Tabawa ta ce, "Ku toshe. Amma in za ku sa wani farin, ku saƙa da yawa ku ajiye. Wannan bai ishi mutum biyu ba, ƙafafunsu a waje na binne su."

A cikin taron wata mata ta fashe da kuka, wata ta kama daga ɗaya ɓangaren, don babu unguwar da ba a yi rashi ba. Gwadabe ya daɗe a tsaye. Shi ma ɗan ƙanwarsa yana cikin waɗanda ba a ga gawarsu ba. Da rana ta take tsaka ya ce wa sojan, "Ku ɗaga ta haka." Aka ɗaga. Ba a yi tafi ba, ba a buga ganga ba. Washegari majalisa ta kafa doka cewa haka tutar za ta zauna, kuma ba wanda zai sa komai a tsakiyarta har abada.

Tabawa ta koma gida. Ba ta sake hawa masaƙa ba. Kowace Laraba takan tuƙa tuwo ta zuba a kwano ɗaya ta kai garka ta zauna har ya sandare. Ba ta cika shekara biyu ba ta bi su.

Da shekaru suka tura, waɗanda suka ga abin da idonsu suka fara ƙarewa, sai fassara ta fito. Malamai suka ce ai hikima ce ta magabata: Allah ba shi da kama ba shi da siffa, shi ya sa aka bar wurin babu zane. Fastoci suka ce a'a, kabarin nan ne na cikin littafinsu, wanda mata suka je da asuba suka tarar babu kowa a ciki. Tsofaffin gindin kuka suka ce ƙofa ce aka bar wa iskoki su riƙa wucewa kada su yi fushi da ƙasa. Kowa ya riƙe tasa, har yanzu kuma ana ɗaga murya a kan wace ce gaskiya. Duka ukun suna cikin littafinku na makaranta. Sunan Tabawa ne babu. Garkar tata ma tuni aka shimfiɗa kwalta a kanta, motoci suna bi.

Shi ya sa har yau tutarmu take da huji, duk iskar da ake yi ba ta cika ta, sai dai ta ɗan motsa ta koma ta rataye. Ni ba a littafi na samo wannan ba. Ubana ne ya faɗa mini, kakan iyayenku, yana kwance a ciwon da bai tashi ba. Yana cikin waɗanda suka je ƙofar gidan ran nan. Na tambaye shi me ke hannunsa, bai amsa ba. Na dai san tun ina ƙarama, in za mu wuce inda aka kafa tuta, ƙasa yake kallo har mu wuce.